Yadda za ka ci moriyar yini guda a Daura

Mai shiga Daura da mota ya zaga titunanta cikin awa ɗaya, zai koma gida yana cewa garin ba shi da komai sai suna. Shawarata ita ce ka ajiye motar, ka taka da ƙafa, ka tsara yininka bisa zafin rana da lokutan salla. Abin da ke Daura yawancinsa a bakin mutane yake, kuma mutane ba sa ba mai gaggawa labari.

Ka zo da sanyi, tsakanin Nuwamba da Janairu. Daga Maris zuwa Mayu rana ba ta barin kowa yawo bayan hantsi. Mai son ganin dawaki da kwalliyar sarauta sai ya daidaita zuwansa da Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, amma ranar garin cike yake maƙil, ba za ka samu mai zama ya yi maka bayani ba. Ni na fi son ranar da ba a komai.

Daga Kano ka tashi da an idar da sallar asuba, ka bi ta Kazaure, tafiyar kamar awa biyu ce. Daga Katsina kusan kilomita 80 ne. Kada ka karya a hanya. Da isarka nemi mai tuya a bakin layi, kuma ga yadda ake gane ta kirki: inda ka ga yara sun yi layi da kwanuka, 'yan aike daga gidaje, nan za ka tsaya. Ka gaishe ta, "Inna, ina kwana, ya kasuwa?", sannan ka ce a zuba maka waina da miyar taushe, ko ƙosai da koko in cikinka bai son nauyi da safe. Ka karɓi wadda ta fito daga tanda yanzu, ko da za ka ɗan jira. Ka riƙe canji a aljihu. Akwai masu POS, sai dai mai waina ba ta san wannan zancen ba.

Daga nan sai Kusugu, tun rana ba ta ɗaga ba. Rijiyar tana cikin gari, an gina ɗaki an kewaye ta, kuma gara ka sani tun yanzu cewa ba wata ƙatuwar aba ba ce. Wanda ya je neman abin da zai cika masa ido zai fito da wuri. Ka yi sallama, ka cire takalmi in an ce ka cire, ka gaisa da mai kula da wurin da "Baba" ko "Malam", ka nemi ya ba ka labarin daga farko ko da ka san shi tun firamare. Zai faɗa maka yadda Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya ratsa Borno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya sauka Daura da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce maciji mai suna Sarki ba ya barin a ɗiba sai ranar Juma'a. Ya kashe macijin, Sarauniya Daurama ta aure shi, daga zuriyarsa aka samu Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram.

Kada ka bar shi ya tsaya inda littafin makaranta ya tsaya. Tambaye shi labarin Bagwariya, ƙwarƙwarar Bayajidda, da ɗanta Karɓagari, da yadda Bawo ɗan Daurama ya zo bayansa. Tambaye shi Tsohon Birni, inda aka ce nan sarautar take kafin Daurama ta dawo da ita nan. A irin waɗannan tambayoyin ne za ka ji abin da ya sha bamban daga baki zuwa baki, kuma nan daɗin yake. Masana tarihi irin su Abdullahi Smith sun daɗe da nuna cewa ba a ɗaukar labarin a matsayin yadda ƙasashen Hausa suka kafu daki-daki. Na yarda da su, amma bakin rijiya ba wurin wannan gardamar ba ne. Ka bari sai kun koma mota. Za a jawo maka ruwa da guga, masu so su sha, wasu ma su cika gora su kai gida. In za ka tafi, ka ba mai wurin ɗan abin goro.

Fadar sarki ba ta da nisa, da ƙafa ma ka je. A ƙofa ka gaida dogarai, ka faɗi daga inda ka zo da abin da ya kawo ka, su ne za su ce maka iya inda baƙo yake kaiwa. Kada ka ɗaga waya ka hau ɗaukar hoto sai ka tambaya. In Allah ya sa ka tarar da zaman fada, ka cire takalmi, ka durƙusa ka yi gaisuwa, "Allah ya ja zamanin Sarki", ka ja gefe. Sarkin yanzu, Alhaji Umar Faruk Umar, ya hau a 2007 bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bashar. Abin da ya kamata ka riƙe a ranka kana tsaye a wurin shi ne, Daura na cikin 'yan masarautun da gidan sarautar Haɓe ya dawo kan gado. A 1805 Malam Ishaku ya ci garin a zamanin jihadi, tsofaffin sarakuna suka koma Zango da Ɓaure, sai da Turawa suka zo suka dawo da Malam Musa daga Zango. Shi ya sa za ka ji sarautu da al'adun da suka girmi jihadi.

Kafin azahar ka nemi inuwa. Bayan salla sai abinci, kuma a nan ba na ba kowa shawarar shinkafa da miya, wadda za ka samu a ko'ina. Ƙasar gero da dawa ka zo: tuwon dawa miyar kuka da man shanu, ko ɗan wake da mai da yaji. In zafi ya hana ka tuwo, fura da nono ta isa. Ka sa mai furar ta dama a gabanka, ka ce kada ta cika ruwa, ka ɗanɗana kafin a zuba sukari, don furar da ta ji citta da kanumfari ba ta bukatarsa da yawa. Daga nan ka kwanta ko ka zauna. Tsakanin ƙarfe biyu da la'asar garin ma kansa hutawa yake.

Wasu za su ce a kai su gidan marigayi Muhammadu Buhari, wanda aka binne a Daura a Yulin 2025. Kabarin a cikin gidansa yake, gidan iyali ne ba wurin yawon buɗe ido ba. In ba ka da wanda zai yi maka iso, addu'a daga inda kake ta wadatar.

Da la'asar ka shiga kasuwa ka sayi tsaraba: ƙuli-ƙuli, aya, goruba, kilishi. Kilishin ka ɓalli kaɗan ka ɗanɗana, wanda ya bushe sosai shi ke jure tafiya. In zuwanka ya faɗo ranar Lahadi, to sauya tsarin gaba ɗaya: gama da Kusugu da fada da wuri, ka wuce kasuwar Mai'aduwa, inda shanu da raƙuma da 'yan kasuwar Nijar ke haɗuwa, don iyakar Kongolam na nan kusa. Kada dai ka ce za ka leƙa tsallake ba takarda.

Tsire da balangu sai magariba suke kankama, haka ma teburin mai shayi, inda za ka ji hirar gari ta gaskiya. To sai ka zaɓa: ko ka kama masauki tun da rana ka kwana, ka ci tsirenka da zafi, ko ka haƙura da shi ka kama hanya ƙarfe biyar ba ta yi ba. Tafiyar dare a hanyoyinmu yanzu ba abin da nake ba kowa shawara ba ne.