Yadda za ka ga likita a asibitin kawunti a Amurka ko ba ka da inshora

Ƴan uwa da ke zaune a Amurka, musamman sabbin zuwa, akwai abin da ke damuna sosai. Mutum zai yi wata uku yana fama da ciwon ƙirji ko ƙafa ta kumbura, yana ta shan maganin kanti, wai shi ba shi da inshora kuma ya ji ance kwana ɗaya a asibiti sai ya cinye albashin wata. Tsadar gaskiya ce ba ƙarya ba, amma akwai asibitin da tun asali don irinka aka gina shi, wato asibitin kawunti. Kawunti gunduma ce a ƙarƙashin jiha, tana da harajinta da hukumarta, to a manyan birane da yawa ita ke riƙe da babban asibitin gwamnati, kuma yawanci nan ne ɗaliban likitanci na jami'ar garin ke koyon aiki.

Bari in ɗan ba ka tarihin guda ɗaya don ka daina yi masa kallon asibitin gajiyayyu. Asibitin Cook County da ke Shikago, tsohon gininsa na titin Harrison tun 1914 yake, kuma a nan Dakta Bernard Fantus ya buɗe bankin jini na farko a asibitin Amurka a 1937, kafin nan in mutum na buƙatar jini sai an yi ta neman mai bayarwa a lokacin. A 1966 kuma suka kafa sashe na musamman don waɗanda suka yi mummunan hatsari ko aka harba, tsarin da sauran asibitocin ƙasar suka bi daga baya. A 2002 aka koma sabon gini mai suna Stroger, tsohon kuma yanzu har otal ne a cikinsa. Haka Parkland na Dalas da aka buɗe a 1894, can aka garzaya da Shugaba Kennedy ranar da aka harbe shi a 1963, kuma lissafin ruwan da ake ƙara wa wanda ya ƙone da wuta, wanda likitoci ke amfani da shi a duniya, sunan Parkland yake ɗauke da shi har yau. Akwai Grady a Atlanta tun 1892, akwai Ben Taub a Hiyuston. Wurin da ke karɓar kowa da kowa shi ke ganin kowace irin cuta, shi ya sa hannun likitocinsu ya faɗa.

To ta ina za ka fara? Dan Allah ba ta imajansi ba, wato sashen gaggawa, in dai ba rai ne ke cikin haɗari ba. Ka fara da ofishin tallafin kuɗi na asibitin, tun kana da lafiyarka ma ya fi. Kowace kawunti da sunan shirinta, a Shikago ana ce masa CareLink, a Hiyuston mutane sun fi saninsa da Gold Card na Harris Health, Parkland ma da nasa. Abin da za su nema kusan iri ɗaya ne, katin shaida mai hoto ko fasfo, takardar da ke nuna cewa a cikin kawuntin kake zaune kamar yarjejeniyar haya ko bil na wuta mai sunanka, sai shaidar abin da kake samu wato takardun albashi na kwanan nan ko na haraji, da yawan mutanen gidanka. In aikin hannu kake ana biyanka tsaba, ko kana zaune a gidan wani ba sunanka a komai, kar ka ce shikenan ba ni da rabo, faɗa musu gaskiya, galibi akwai fom ko wasiƙa da mai gidan zai sa hannu. Da wannan za su duba ko ka cancanci Medicaid tukuna, wato inshorar lafiya ta gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi, in ba ka cancanta ba su saka ka a nasu shirin, inda kuɗin da za ka biya ke tafiya daidai da ƙarfinka. Zaman kawuntin nan shi ne sharaɗin da ya fi kayar da mutane, wanda ya zo da bizar ziyara yawanci ba ya shiga, kuma shirin yana ƙarewa, sai ka riƙe ranar sabuntawa a wayarka.

Maganar takardun zama kuma, na san ita ce ke hana da yawa fita. CareLink ba ya hana mutum saboda matsayinsa na shige da fice. A Tekzas tun Nuwamba 2024 asibitoci suna tambaya ko kai ɗan ƙasa ne, amma kana da damar ka ce ba za ka amsa ba, kuma hakan ba zai sa a ƙi duba ka ba. Jiha da jiha sun bambanta, ka tambayi ma'aikacin walwala na asibitin.

Da zarar ka samu shiga, ka nemi a haɗa ka da likitanka na yau da kullum a ɗaya daga ƙananan kilinik ɗinsu na unguwa. Wannan shi ne ginshiƙin komai wallahi, domin shi zai riƙa bin hawan jininka da sugarka, shi zai tura ka wajen likitan zuciya ko na ido, ba tare da takardarsa ba da wuya ka ga ƙwararre. Layi akwai shi, wani lokacin sai ka jira makonni ko watanni, to ka ce a saka sunanka cikin masu jiran in wani ya fasa, kuma kar ka kuskura ka ƙi zuwa ranar da aka ba ka ba tare da ka kira ba.

In kuwa abu ya taso, ciwon ƙirji mai tsanani, baki ya karkace, numfashi na sama-sama, zubar jini, naƙuda, kira 911 kawai ko ka nufi imajansi mafi kusa. Akwai dokar EMTALA ta 1986 da ta tilasta wa duk asibitin da ke karɓar Medicare, wato inshorar gwamnatin tarayya ta tsofaffi, ya duba ka ya kuma daidaita ka kafin maganar kuɗi, kuma abin da ya jawo ta shi ne yadda asibitocin kuɗi suka riƙa tura marasa inshora zuwa irin su Cook County cikin halin rai kwakwai mutu kwakwai. Amma fa dokar ba ta ce kyauta ba ne, bil zai biyo ka gida. A imajansi kuma ba wanda ya riga zuwa ake fara gani ba, wanda ya fi jin jiki ne, don haka ka gaya wa nas ɗin farko komai, ban da ƙarfin hali.

Sai batun koyarwa, wanda ke ba mutanenmu haushi in sun ga gungun matasa sun zagaye gado. Ɗalibi yana nan, residen yana nan wanda shi cikakken likita ne da ya gama makaranta yake ƙwarewa, sannan babban likitan da ke sa ido a kansu wanda shi ke da alhakinka. Ka tambayi sunansa, kana da haƙƙin ganinsa. Za ka iya cewa ba ka son ɗalibi ya duba ka, mace za ta iya neman likita mace ko a tsayar da nas mace a ɗakin, ba kullum ake samu ba musamman da dare amma suna girmama buƙatar. Ni dai shawarata in ba wani dalili mai ƙarfi ka bar su, ɗalibin nan shi ne mai lokacin zama ya saurare ka, kuma idanu da yawa sun fi saurin kama abin da ya ɓuya. In an kawo maka takardar shiga bincike kuma, ganin dama ne, ƙin sa hannu ba ya taɓa kulawar da za a ba ka.

Tafinta kyauta ne, doka ce. Ka ce Hausa kake so, za su nemo ta waya ko bidiyo, kar ka sa yaronka ɗan shekara 12 ya fassara ciwon mahaifiyarsa. Ka tafi da duk magungunan da kake sha a cikin kwalabensu harda na gargajiya da su habbatussauda, ka faɗa in za ka yi azumi don a gyara maka lokutan shan magani, in an kwantar da kai ka nemi abincin halal.

Ranar sallama ka karɓi takardar bayani, ka sayi magani a famasin asibitin domin rangwamen shirinka a nan ya fi aiki. Bil in ya zo kar ka jefa shi a durowa, ka koma ofishin tallafin nan da shi, ka nemi a rubuto maka shi dalla-dalla, ka tambaya ko tallafin zai shafi jinyar da aka riga aka yi, abin da ya rage kuma a raba maka shi wata-wata.