Littattafan koyon Linux na kyauta: inda masu koyo suka fi yin tuntuɓe

Kwanakin baya ƙanen wani abokina ya shigo mini rungume da laftof ɗinsa, fuska a murtuke. "Yaya, wannan Linux ɗin da ka sa na ɗora ta lalace." Na ce ya nuna mini. Ya buɗe baƙar tagar nan ta rubuta umarni, ya buga ifconfig kamar yadda littafin da ke wayarsa ya ce, kwamfuta ta amsa masa cewa ba ta san wannan umarni ba. Na karɓi wayar, na koma shafi na biyu na littafin, na nuna masa shekarar da aka rubuta shi. Lokacin ko firamare bai shiga ba. Na ce, "Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, littafinka ne ya tsufa. Buga ip addr." Ya buga, bayanan suka zubo.

Wannan shi ne kuskuren da na fi gani, kuma shi ya fi sa mutane su yi zuciya su bari. Tun 1991 da Linus Torvalds ya fara rubuta Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta irin su Windows, yana ɗalibi a Helsinki, mutane suke rubuta mata littattafai suna sakewa kyauta, kuma intanet ba ta share tsohon kaya. Rumbun Linux Documentation Project, wanda ya faro tun 1992, cike yake da jagorori masu kyau a zamaninsu, amma da yawa an yi shekaru ba a taɓa su ba. Wasu abubuwan ba sa tsufa: ls, cd, cp, grep, da yadda ake ba fayil izini, yadda suke a da haka suke yau. Abin da ya shafi haɗa kwamfuta da intanet da tayar da hidimomi kuwa ya sauya sosai. A 2015 Debian da Ubuntu, biyu daga cikin ire-iren Linux, suka koma systemd, sabon tsarin tayar da hidimomin kwamfuta, saboda haka littafin da ke tura ka gyara /etc/inittab yana kwatanta maka gidan da aka riga aka rushe. Systemctl ake amfani da shi yanzu. Inda tsohon littafi ya ce netstat, yau ss ake bugawa. Idan ka ga an gina darussa a kan CentOS 7, wata tsohuwar sigar Linux, ka sani an daina kula da ita tun 30 ga Yunin 2024. Idan misalan Python 2 ne, wato tsohuwar sigar yaren rubuta shirye-shirye na Python, ita ma an rufe babinta a farkon 2020.

Gyaran ba wuya: kafin ka karanta layi ɗaya, nemi shekarar bugun da kuma sigar da marubucin ya yi aiki da ita. Ubuntu ta sauƙaƙa wannan, domin lambarta shekara ce da wata: 24.04 na nufin Afrilun 2024. Duk bayan shekara 2 take fitar da siga mai dogon zango, wadda ake kula da ita shekara 5. Littafin da ke maganar 12.04, kai ma ka yi lissafi.

Kusa da wannan akwai rashin sanin wace Linux ce a gabanka. Linux ba guda ɗaya ba ce, dangi ne, kowane gida da al'adarsa. Gidan Debian, inda Ubuntu da Linux Mint suke, da apt suke ɗora manhaja. Fedora da dangin Red Hat da dnf. Arch da pacman. Mutum yana kan Mint yana bin littafin Fedora, ya buga dnf, ba abin da ya faru, sai ya ɗauka kansa ne ba ya ja. Buga cat /etc/os-release, za ta gaya maka sunanta da sigarta, sannan ka nemi littafin gidanku.

Sai tara littattafai. Wannan ciwon nawa ne ni ma, ba zan ɓoye ba. Ka sayi datar dare mai araha, ka kwana kana saukewa, da safe ka ji kamar ka yi wani aiki. Yaron da na ambata, folda guda ce a wayarsa maƙil da fayilolin PDF, kuma da na tsare shi da tambaya, babu wanda ya wuce babi na biyu a cikinsu. Taron yuyuyu ne kawai. Littafi ɗaya ya isa mai farawa, kuma in ni za a tambaya, The Linux Command Line na William Shotts zan ce. Marubucin da kansa ya sake shi kyauta a linuxcommand.org, shafukan littafin sun haura 500, yana farawa daga yadda za ka zagaya cikin folda har ya kai ka ga rubuta ƙananan shirye-shirye na bash, manhajar da ke karɓar umarni a baƙar tagar nan. Wanda ya gama shi kuma yake son kula da sabar, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, sai ya wuce The Debian Administrator's Handbook na Raphaël Hertzog da Roland Mas. Shi wannan ma a kan Debian sudo apt install debian-handbook kawai za ka buga ya sauka cikin kwamfutarka, ka karanta ba tare da data ba.

Kada ka fara da Linux From Scratch. Littafi ne mai daraja, Gerard Beekmans ya faro shi a 1999, amma aikinsa shi ne koya maka gina tsarin gaba ɗaya da hannunka, bulo bayan bulo. Wanda bai iya kwafar fayil ba ba shi da abin yi a can tukuna. Haka ma Kali Linux, wadda samari ke rububinta don a ce musu masu kutse. Su kansu masu Kali sun rubuta a shafinsu cewa ba su ba wanda bai saba da Linux ba shawarar amfani da ita. Tushenta Debian ne, don haka duk abin da ka koya a Mint ko Ubuntu zai bi ka can in lokaci ya yi.

Inda aka fi asarar lokaci kuwa shi ne karatu ba tare da hannu a kan kibod ba. Littafin Linux ba labari ba ne da za ka kishingiɗa da shi bayan isha'i. Kowane umarni da ka gani, sai ka buga shi, ka ga abin da ya fito, ka sauya masa wani abu ka sake bugawa. Gani ga wane bai isa ba a nan. Rashin kwamfuta ta biyu ma ba hujja ba ne. Kana iya ɗora Linux a kan filashi da Rufus ko Ventoy, ka tayar da kwamfuta daga filashin, ka yi wasanka ka cire, Windows ɗinka na nan yadda ka bar ta. Kana iya sa VirtualBox ka gudanar da ita a cikin taga. Windows 10 da 11 suna da WSL, wadda ke gudanar da Linux a cikin Windows ɗin kanta. Wanda waya kaɗai gare shi, Termux a kan Android za ta ba shi damar gwada yawancin babukan farko, ko an ɗauke wuta.

Amma in za ka buga, ka buga da yatsunka, kar ka kwafo daga PDF ka manna. Wannan ƙaramin abu ya sha haukata mutane. Wajen tsara littafi, wani lokaci gajerun layuka biyu da ke gaban zaɓi irin --help sukan rikiɗe su zama dogon layi guda, alamomin zance miƙaƙƙu su zama masu lanƙwasa. A ido duk ɗaya ne, a wajen kwamfuta kuwa haruffa ne daban, sai ta yi ta ƙorafi kai kuma kana rantsuwa cewa daidai ka kwafa. Sannan alamar $ ko # da ke farkon layi ba ta cikin umarnin. Ta farko tana nufin kai talakan mai amfani ne, ta biyu tana nufin ana buƙatar ikon mai gida, wato sudo. Kuma Linux tana bambanta babban harafi da ƙarami: Documents daban, documents daban.

Da na ambaci sudo, bari in tsaya a nan kaɗan. Duk umarnin da ya fara da ita, ko yake da rm ko dd a ciki, kada ka danna Enter sai ka san abin da kowane yanki yake yi. Abin da rm ta share ba ya zuwa kwandon shara, ya tafi ke nan. Dubi waɗannan biyun: rm -rf ~/tsoho da rm -rf ~/ tsoho. Bambancinsu tazara guda ce. Na farko folda ɗaya zai share, na biyu zai kwashe duk abin da ke gidanka, hotunan biki da furojet ɗin makaranta da komai. Ita kuma dd, mai rubuta bayanai kai tsaye a kan faifai ko filashi, in littafi ya ce /dev/sdb, filashin marubucin yake nufi. A taka kwamfutar yana iya zama faifan da ke ɗauke da aikinka. Buga lsblk ka tabbatar. Haka nan lokacin ɗorawa, zaɓin da ke cewa a goge faifai a ɗora Ubuntu da gaske yake, har Windows zai tafi da ita. Kwashe kayanka zuwa wani wuri tukuna.

Wajen saukewa, a taƙaice: je shafin marubucin ko na masu tsarin. Littafi PDF ne ko EPUB. Duk "littafin" da ya zo da .exe ko .apk a ƙarshen sunansa, goge shi. Kuma wanda marubucinsa ya sake kyauta daban yake da wanda aka sato aka watsa a guruf.

Mutane da yawa kuma ba su san cewa akwai littafi a cikin kwamfutar tun ranar da aka ɗora ta ba, wanda ya dace da ainihin sigar da suke kai. Buga man ls ka ga bayanin ls, danna q ka fita. In ka manta sunan umarni, man -k da kalmar da kake nema za su lalubo maka. Turancinsa busasshe ne, na yarda, ba a fara koyo da shi. Amma duk lokacin da littafi ya ce kaza kwamfuta ta ce a'a, can za ka duba. Da na nuna wa yaron nan man ip, ya ɗan jima yana gangarawa, sannan ya ɗago ya ce, "Yaya, to ta ina ake fita?"