Yadda za ka riƙa duba zafin furosesa in kana obakulokin

Obakulokin dai shi ne ka tilasta wa furosesa, wato CPU ƙwaƙwalwar kwamfuta, gudu fiye da yadda kamfani ya saita masa, kuma gudun nan ba kyauta ba ne, da zafi ake biyansa. Da yawa sai su shiga BIOS, shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ya tashi, su ɗaga lambar gudu, kwamfuta ta tashi lafiya lau Windows ya buɗe, shikenan a wajensu an gama, alhali ba su san digiri nawa furosesan ke kaiwa ba in aiki ya kankama. To ga yadda ake bi.

Tun kafin ka taɓa komai ka tabbatar kayanka ma sun yarda da abin. In Intel ne sai furosesa mai K a ƙarshen sunansa, irin su i5-12600K ko i7-13700K, da madabod, wato babban allon da furosesa ke zama a kai, mai Z kamar Z690 ko Z790. Ryzen kuwa yawancinsu a buɗe suke, sai dai bod mai A kamar A520 ba ya bari, sai B ko X, su B450, B550, X570. Laftof kuma ni dai shawarata ka rabu da ita, fankarta ko a yadda ta zo da ƙyar take iya wa zafin.

Sai ka nemi iyakar naka furosesan. Kowanne akwai lambar da kamfani ya yanke masa, ita ake kira TjMax, kuma a shafin Intel ko AMD za ka same ta in ka rubuta sunan furosesan. Yawancin na Intel na tebur digiri 100 ne. Na AMD sun bambanta, Ryzen 5 5600X 95 ne, 5800X da 5900X 90, irin su 7600X da 7700X 95, shi kuma 7800X3D 89. In furosesa ya kai wannan lambar ba wai fashewa zai yi ba, da kansa zai rage gudu don ya huce, in hakan bai isa ba ya kashe kwamfutar ɗungurungum. Ka ga kenan wanda ya ɗaga zuwa 5.2GHz amma yana bugun iyaka kullum, wallahi zai iya samun aikin da bai kai na wanda ya bar nasa yadda ya zo ba, lambar ce kawai a BIOS.

Manhajar da za ka sauke

Task Manager ba ya nuna zafin furosesa, na katin girafik kawai yake nunawa, kar ka ɓata lokaci a can. Lambar da kake gani a cikin BIOS ita ma ba ta da wani amfani sosai tunda a lokacin ba wani aiki ake yi ba. Ka sauke HWiNFO64, kyauta ce, in ta buɗe ka zaɓi Sensors-only. Akwai Core Temp in kana son mai sauƙi, akwai Ryzen Master na AMD da XTU na Intel, amma HWiNFO ta fi su nuna komai. Mai Linux ya sa lm-sensors ya buga sensors a taminal.

Layuka za su yi maka yawa a farko, kar ka ruɗe, kaɗan ne naka. In Intel ne ka nemi CPU Package da zafin kowane core, wato ƙananan injinan da ke cikin furosesan, ɗaya bayan ɗaya, akwai ma layin Distance to TjMAX da ke gaya maka digiri nawa suka rage ka kai bango. In Ryzen ne layin Tctl/Tdie za ka bi. Wanda ke da tsohon 1700X ko 1800X ya sani cewa AMD ta ƙara digiri 20 a kan Tctl ɗin waɗannan da gangan saboda fanka ta riƙa tashi da wuri, don haka Tdie ne na gaskiya. Kowane layi yana da gida huɗu, Current, Minimum, Maximum da Average, kuma a ƙasa akwai maɓalli mai hoton agogo da ke share su a fara lissafi sabo. Ka riƙa danna shi duk sanda za ka fara gwaji.

Auna shi yadda ya zo tukuna

Wannan matakin shi aka fi tsallakewa. Ka bar kwamfutar a kunne minti goma ba ta komai, ka rubuta zafin. Sannan ka kunna Cinebench R23, manhajar da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi ta ba shi maki, ka zaɓi gwajin Multi Core na minti goma, ka rubuta Maximum da Average da makin da ya ba ka. Ka rubuta zafin ɗakin shi ma, ɗan ma'aunin zafi na bango ya isa, za ka ga amfaninsa a gaba.

In tun yanzu kana ganin 85 ko 90, to ka ajiye maganar obakulokin ka koma kan sanyaya. Buɗe akwatin ka hure ƙura daga hitsink, wato ƙarfen da ke zaune a kan furosesa yana janye zafi, da fankoki, ka goge tsohon man da ke tsakaninsa da furosesa (thermal paste) da sifirit ka sa sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka ɗaure kusoshi huɗun nan a giciye kaɗan-kaɗan don ya zauna daidai. In sabon hitsink ne ka duba ƙasansa, akwai wata leda da ake mannawa wadda mutane ke manta cirewa, ita kaɗai tana iya sa furosesa ya haura 90 cikin daƙiƙu. Fankar gaba ta ja iska ciki, ta baya da ta sama su fitar. Sai dai fa masu Ryzen 7000 irin su 7600X da 7700X kar su tsorata in sun ga 95 a Cinebench, haka AMD ta ƙera su, suna ta ƙara gudu ne har sai sun kai nan, su nasu gyaran ta saitin AMD da ake kira PBO da Curve Optimizer ake yi, a rage boltej, wato ƙarfin wutar da ake ba furosesa, maimakon a ƙara.

Ɗagawa

A BIOS gudun furosesa lissafi ne mai sauƙi, agogon tushe 100MHz sau lambar CPU Ratio, wato 45 na nufin 4.5GHz. Ka ƙara ɗaya kacal, ka yi sebin, ka shiga Windows, ka share lambobin HWiNFO ka sake Cinebench. Ya wuce lafiya zafi bai yi yawa ba, ka koma ka ƙara ɗaya. Haka za ka yi ta yi har ranka ya fara ɓaci, don gaskiya aikin akwai gundura. Inda ya maƙale ko ya kawo shuɗin allo, nan ne yake neman ƙarin boltej, sai ka ƙara 0.01 ko 0.02, ba fiye ba.

A nan zafin yake. Wutar da furosesa ke ci tana tafiya daidai da gudu, amma a wajen boltej ninki take, boltej sau boltej. Daga 1.20 zuwa 1.30 a ido ba komai ba ne, amma in ka lissafa kusan kashi 17 cikin ɗari ne na ƙarin wuta tun kafin a sa ƙarin gudun a lissafi, kuma duk wutar nan zafi take komawa. Shi ya sa bana son barin Vcore, wato boltej ɗin furosesa, a Auto, bod da yawa suna zuba boltej fiye da buƙata don kawai kar kwamfuta ta faɗi. Kuma ka riƙa kallon Vcore a HWiNFO lokacin da gwaji ke gudana, ba VID ba, VID abin da furosesa ya roƙa ne ba abin da aka ba shi ba. Za ka ga ya ɗan sauka ƙasa da abin da ka sa in aiki ya yi nauyi, wannan ba matsala ba ne, wani saiti a BIOS mai suna LLC ke daidaita shi, ka bar shi a matsakaici.

Boltej kuma yana kashe furosesa ko zafi bai nuna komai ba. A 2023 an ga Ryzen 7000X3D suna ƙonewa a soket har AMD ta taƙaita boltej na SoC, wani sashe na furosesan, a 1.3, a 2024 kuma Intel ta amsa cewa yawan boltej na lalata furosesoshin tebur na ƙarni na 13 da 14, ta fitar da gyara ta BIOS ta kuma ƙara garanti na shekara biyu. In kana da ɗaya daga cikin waɗannan ka sabunta BIOS kafin komai, kuma don Allah a kan UPS ko inbata, in aka ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa bod ɗin zai iya ƙin tashi.

In ka samu inda kake ganin za ka tsaya, minti goma bai isa ba. Ka kunna manhajar gwajin juriya, OCCT ko Prime95, a Prime95 zaɓin Small FFTs shi ne mai gasa furosesa sosai, ka bar shi aƙalla rabin awa zuwa awa ɗaya kana zaune a wajen. Mai sanyaya na ruwa ya fi buƙatar wannan, don ruwan a hankali yake ɗumi, minti biyar na farko zai nuna maka lamba mai daɗi sannan ta yi ta hawa. Maximum ya yi tsalle na daƙiƙa ɗaya ba abin damuwa ba ne, inda lambar ta zauna shi ne magana. Ni a ganina a irin wannan gwajin kar ya zauna sama da 85, a wasa ko aikin yau da kullum kuma 60 zuwa 75 ya yi. Ka duba layin Thermal Throttling a HWiNFO, mai nuna ko furosesa ya rage gudu saboda zafi, in ya taɓa rubuta Yes ka koma baya. Can ƙasan jerin akwai WHEA, ƙidayar kurakuran kayan kwamfuta da Windows ya gano, dole ya zama sifili, ko ɗaya ya nuna to akwai kuskure a wani wuri ko da Windows bai faɗi ba. In bod ɗinka na nuna zafin VRM ko MOS, wato sassan bod da ke ba furosesa wuta, shi ma ka sa masa ido, su sun fi furosesa juriya amma in suna dosar 100 ka sa fanka tana hura wajen.

Yanzu ɗauko zafin ɗakin nan da ka rubuta. Hitsink ba ya ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki yake amfani da ita, don haka duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙaru furosesa ma zai ƙaru da kusan ɗaya. Masu gwaji na YouTube a ɗakin AC suke yi mai digiri 22 ko kusa da haka, in ka kwafi saitinsu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu da waje ke haura 40, lambobinku ba za su taɓa zama ɗaya ba ko da kayanku iri ɗaya ne sak. Lissafin shi ne ka cire zafin ɗaki daga na furosesa. A ce ka yi gwaji a Disamba cikin hunturu, ɗaki 24 furosesa 78, tazara 54 kenan. In bazara ta zo ɗakin ya kai 37, 54 ɗin nan za ka ɗora a kai, 91, mai 5800X ya riga ya wuce iyaka, ga kuma ƙurar hunturu da ta riga ta toshe hitsink ta ƙara nata. Saboda haka ka yi lissafinka da ɗaki mafi zafi da kake samu a shekara, ko kuma ka ajiye furofayil biyu a BIOS, na sanyi da na zafi, yawancin bod suna bari a yi hakan.

Bayan an gama, a saitin HWiNFO akwai Alerts, ka sa ta yi ƙara in zafi ya wuce lambar da ka zaɓa, mai buga gem kuma ya sa MSI Afterburner da RivaTuner ya riƙa ganin zafin a kusurwar allo. In kuwa ka wuce gona da iri kwamfuta ta ƙi tashi kwata-kwata, ka cire wayar wuta, ka zare ɗan batirin nan CR2032 na kan bod ka jira minti biyar ka mayar, ko ka haɗa fil biyun da aka rubuta CLR_CMOS da bakin sukundireba na 'yan daƙiƙu. BIOS zai koma yadda ya zo daga kamfani, sai ka buɗe takardar da ka yi ta rubuta lambobi ka mayar da saitin ƙarshe da ya wuce gwaji.