Yadda Za Ka Koma Zama Cikin Ƙaramin Jirginka Yana Kan Tudu a Girka

A yammacin ƙasar Girka, a tsibirin-gaɓar Aktio da ke fuskantar garin Preveza, akwai manyan filayen ajiyar jiragen ruwa inda masu ƙananan jirage masu tafiya da iska suke barin jiragensu daga wajen watan Oktoba, su koma ƙasashensu, sai Afrilu ko Mayu su dawo. Wanda ya dawo zai tarar da jirginsa tsaye a kan ƙarafan tokare, ɗakin kwanansa yana can sama, kusan mita 3 daga ƙasa, kuma a cikinsa zai zauna mako biyu ko uku kafin a mayar da shi ruwa. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, jirgin da ke kan tudu ya fi haɗari ga mai zama cikinsa fiye da wanda ke kan ruwa, domin an ƙera kusan komai nasa ne da zaton teku yana kewaye da shi.

Shirin yana farawa tun kana gida. Ka rubuta wa ofishin filin ka sanar da ranar zuwanka, ka tambaya ko an yarda a kwana cikin jirgi yana kan tudu, domin ba kowane fili ke yarda ba, sannan ka nemi a ba ka ranar sauka ruwa tun da wuri, saboda a watan Mayu layi yana tsawo. Girka tana cikin yankin Shengen, inda baƙo mai gajeren zama ke da kwana 90 kacal a cikin kowane kwana 180, kuma mai fasfon Najeriya ko Nijar sai ya sami biza kafin ya taso. Kwanakin da ka ɓata kana kankare fenti ana lissafa su daidai da kwanakin da ka yi kana yawo a tekun Iyoniya da ke yammacin Girka. Idan jirgin ba na Tarayyar Turai ba ne, ka duba wa'adin wata 18 da kwastan ke ba irinsa, ka kuma tuna cewa tun 2019 Girka tana karɓar harajin TEPAI daga jiragen da tsawonsu ya wuce mita 7 idan za su yi zirga-zirga a ruwanta.

Ka yi ƙoƙarin isa da hantsi. Filin jirgin saman Aktio yana kusa ƙwarai, amma idan jirgin saman da ka hau zai sauka da dare, gara ka kama ɗaki a Preveza, ka bi ramin ƙarƙashin teku da aka buɗe a 2002 ka tsallako da safe. Kafin ka hau, ka zagaya jirgin a ƙasa, ka dubi kowane matokari ko ruwan hunturu ya zaftare ƙasar da ke ƙarƙashinsa. In ka ga wanda ya saki, ka kira ma'aikatan filin, kada ka taɓa shi da kanka, kada kuma ka taɓa ɗaure tamfol ko igiya a jikinsa, domin iska mai ƙarfi tana iya fizge tamfol ɗin ta tafi da matokarin.

Tsani shi ne abin da na fi jin tsoro a duk filin. Ka ɗaure kansa da igiya a jikin jirgi tun hawan farko, ka bar shi ya ɗara bakin jirgin da ɗan tsawo don ka sami abin kamawa, kuma kada ka hau da kaya a hannu. Ka ɗaura igiya a bokiti ka riƙa jawo kayan sama. Raɓar asuba tana sa saman jirgi santsi, wanda kuwa ya zame a teku ruwa zai faɗa, amma a nan tsakuwa da kankare ne ke jiransa. Da dare ka ajiye bokiti mai murfi a ciki, ka saka fitilar goshi idan sauka ta zama dole.

Idan ka buɗe ƙofar ɗakin, kada ka kunna komai. Ka buɗe duk tagogi, ka tsaya ka shaƙi iskar. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, saboda haka idan ya zurara ba ya fita, gangarawa yake yi ya taru a kwarin jirgi ƙarƙashin katakon daɓe, inda tartsatsi guda daga makunnin wuta ya isa ya tashi da jirgin. Ka ɗaga katakon ka sunkuya ka sansana, ka kuma duba ko ruwan sama ya taru. Yammacin Girka yana shan ruwa sosai lokacin hunturu, kuma ganye ko ƙura sukan toshe magudanan wurin tuƙi har ruwa ya malalo ciki. Idan ruwan ya kai jikin inji ko wayoyi, ka ɗauki hoto don kamfanin inshora kafin ka kwashe shi.

Fumfuna kuwa babu makawa za ka same ta. Ka fitar da katifu da bargo ka shanya, ka goge bango da rufi da ruwan khal, ka leƙa lungunan ajiya ko ɓera ya shiga, domin yana cin robar waya da mesa, ka kuma lura da gidan rina a cikin bututu da murfin kaya. Kwalin da ka sayo kayan abinci a ciki ka bar shi a ƙasa, saboda kyankyasai suna ɓoye ƙwansu a cikinsa.

Daga nan sai batura. Batirin gubar mai bolt 12 idan yana cike yakan nuna kusan 12.6, idan ya sauka zuwa 12 cajinsa ya koma rabi ko ƙasa da haka, wanda kuwa ya yi watanni ƙasa da 11 da wuya ya sake riƙe caji yadda ya kamata. Wutar filin bolt 230 ce, ka duba wayarka ko ta tsage kafin ka jona, kada kuma ka bar mahaɗinta kwance inda ruwa ke taruwa. Daren Afrilu yana da sanyi, amma kada ka ɗumama ɗaki da murhun gas ka rufe ƙofa, domin hayaƙin da ba shi da wari yana kashe mai barci.

Zaman yau da kullum shi ne ke gajiyar da mutane. Bayan gidan jirgi da ruwan teku yake aiki, don haka ba ya amfani a tudu, wurin wanke kwano kuma bututunsa a kan ƙasa yake zubarwa, ƙarƙashin ƙafar maƙwabcinka. Wanka, alwala da wanke-wanke duk sai a bandakin filin, ko ka tara ruwan a jarka ka sauke shi. Tankin ruwan sha ka zuba masa ɗan bilic, ka bar shi ya jima, ka ɗauraye sau biyu ko uku kafin ka sha. Sauƙi ɗaya da tudu ke da shi shi ne jirgin ba ya juyawa, alƙibla daga nan tana kudu maso gabas, sau ɗaya za ka nemo ta. Ka kuma kula da maƙwabta, domin a wajensu za ka ari kayan aiki, kuma a Girka ana girmama hutun tsakar rana, ba a tayar da injin kankara mutane suna barci.

Aikin da ya wajaba a tudu shi ne wanda ba ya yiwuwa a ruwa. Kowane bawul da ya huda jikin jirgi ka buɗe ka rufe, ka shafa masa giris, wanda ya ƙi motsi ka canza shi yanzu. Ka sauya ƙarfen zinki da ke kare farfela daga cin gishiri idan rabinsa ya cinye. Fentin ƙasan jirgi yana ɗauke da tagulla da guba, saboda haka ka jiƙa shi kafin ka kankare, ka rufe hanci da ido, ka karanta jikin gwangwani don sanin kwanakin da aka yarda ya yi a busasshe. Kada ka tayar da inji ba tare da ka jona masa ruwa ba, domin ƙaramar farfelar roba ta famfonsa tana ƙonewa nan da nan. Filafilai, wato ƙyallen da iska ke bugawa, ka bar su a jaka sai jirgi ya shiga ruwa, tunda iska ɗaya tana iya kayar da shi kan na kusa.

Ranar sauka, ka roƙi mai tuƙa injin ɗaga jirgi ya riƙe jirginka cikin majanyu, wato manyan bel ɗin da yake ɗaga shi da su, na ɗan lokaci bayan jirgin ya taɓa ruwa. Ka shiga ciki da fitila, ka shafa kowane bawul da hannu, ka duba inda sandar farfela ta huda jiki, ka tayar da inji ka leƙa baya ka tabbata ruwa yana fita tare da hayaƙi. Sai ka ga kwarin jirgi a bushe sannan ka ɗaga masa hannu ya saki.