Aikin ƙafa a tsohuwar BMW E46: kurakuran da ke cinye wa mutane kuɗi

Duk wanda ya sayi E46, musamman mai ƙofa biyu irin su 330Ci ɗin nan da samari ke mutuwar so, ya sani cewa ba yarinya ya ɗauko ba. Daga 1998 zuwa 2006 aka ƙera su, kenan ko autarsu ta kusa shekara 20, ga ta sha ƙanƙara da gishirin titi a Turai kafin ta zo ta haɗu da ramukanmu. To inji yana iya zama garau amma ƙafa ta gama aiki tuntuni, kuma a nan ne mutane ke ta zuba kuɗi motar ba ta gyaru ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne da an ji ƙwanƙwasa a gargada sai a ce shokazoba ne. Nima haka na yi. Na canza na gaba guda biyu, kuɗi masu ciwo, na fito gareji ina murna, ina hawa titi na kai wajen 90 na taɓa birki sai sitiyari ya kama kakkarwa a hannuna kamar mai zazzaɓi, wallahi kamar ba a taɓa komai ba. Ashe bushin ɗin lowa am ne, wato robar da ke riƙe da hannun ƙarfen ƙasa mai haɗa tayar gaba da jikin mota. A wannan motar bushin ɗin yana da mai a cikinsa, in ya tsage man ya zube sai hannun ya riƙa wasa gaba da baya duk lokacin da ka taka birki. Da muka shiga ramin gareji muka haska fitilar waya, ga robar nan ta dare, ga baƙin mai ya bushe a jikin gidanta. Wasu ma faifan birki suke canzawa saboda wannan rawar. Kafin ka sayi komai, a ɗaga motar a sa ƙarfe a bambare kowace gaɓa ana kallo, bol join, tayarod, linkej ɗin stabilaiza, duka. Linkej ɗin nan mai arha shi ne rabin ƙarar da ake ɗora wa shok.

Sai canza gefe ɗaya. Dan Allah a daina. Shok, sifirin, bushin, bibbiyu ake canza su, hagu da dama.

Sannan batun kayan Beljiyam. Ban ƙi su ba gaba ɗaya, ƙarfe kamar sifirin ko hob in ka duba da kyau za ka more, amma roba fa? Robar da aka ciro daga motar da ita ma ta shekara 20 ai tsohuwa ka cire ka mayar da tsohuwa, ko a Kofar Ruwa ka saya ko Panteka ko Apo duk ɗaya ne, ba laifin mai shago ba ne, shekaru ne. Bushin da mawuntin a nemi sabo, irin su Lemförder ko Meyle, shok kuma Sachs ko Bilstein, kuma a buɗe ido don kwali ba shi ne kaya ba, jabu sun cika gari. Lowa am na gaba alminiyom ne da bol join a jikinsa, in ya yi wasa a canza hannun ɗungurungum. Masu cewa "kawo mu daddake shi ya matse", oga, ranka ne a kan wannan ƙwallon.

Yanzu ga wanda ya fi ba ni haushi don kaya masu kyau yake kashewa. Mota tana sama a kan jak, tayoyi na lilo, yaro ya ɗauko sifana da dogon bututu ya ɗaure kusoshin bushin tamau. Da an sauke ta nauyi ya zauna sai robar ta murɗe, kuma a murɗen za ta zauna dare da rana, kafin wata shida ta tsage ka dawo kana zagin mai kaya. Yadda ake yi, a ɗaura kusoshin sama-sama, a sauke motar ta tsaya da ƙafafunta a kan ramin gareji, a ɗan girgiza ta, sannan a matse. Shi kuma bushin ɗin lowa am na gaba kar a shafa masa giris ko baƙin mai don ya shiga da sauƙi, mai yana cin roba kuma ba ya bushewa. Ruwan sabulu ya isa, a sauke motar cikin kamar rabin awa kafin ya kama. In motarka mai fitilar zenon ce ka tsaya a kan makanikan, akwai wani ɗan siririn sanda na na'urar daidaita fitila a jikin hannun, garin sauri suke karya shi kuma ba mai gaya maka.

Baya kuwa mantawa ake yi da ita sam. In kana ba ta wuta ko ka saki totur ka ji gindin motar yana ɗan karkata kamar ba ya bin gaba, ko tayoyin baya suna cinyewa ta ciki, bushin ɗin tirelin am ne, wato hannun da ke riƙe da tayar baya. Mawuntin ɗin shok na baya ma yana yagewa, ka ɗaga kafet ɗin but ka duba. Abu mafi muhimmanci, E46 ta yi suna wajen tsagewar bodi a daidai inda sabfirem ɗin baya, wato ƙarfen da ƙafafun baya ke jingine a kai, yake ɗaure, har ƙarar haɗin gwiwa aka yi wa kamfanin a Amurka a kan haka. Masu wasan juya mota su suka fi gamuwa da shi. In akwai tsaga, walda da ƙarin faranti ne maganinta kafin a sa sabon bushin, in ba haka ba gini kake a kan rairayi.

Masu son a sauke mota ƙasa ta yi kyau a hoto, kar a yanke sifirin da injin yanka, yana lalata tafiyar kuma shok ya mutu da wuri. Da irin tudun rage gudun da ke unguwanninmu ma ni ban ga dalili ba, kwanon mai na alminiyom ne, dutse ɗaya ya ishe shi. Bushin na foliyuritan kuma, wato robar nan mai tauri kamar filastik, a filin tsere yana da rana, a titin gari sai ƙugi da ciwon baya. Kuma duk mai kwance sifirin ɗin gaba ya sa abin matse shi, ba igiya ba, ba yara biyu su danne ba, in ya kuɓuce yana iya fasa fuska.

Ƙarshen aiki alaimen, wato daidaita tsayuwar tayoyi, na ƙafa huɗu, ba na zare da ido ba. Littafin BMW ma cewa ya yi a auna da nauyi a ciki, kilo 68 a kowace kujerar gaba, 68 a tsakiyar baya, 21 a but, tanki cike. Mu buhunan yashi muka jibga, mai wurin yana ta mana dariya. Ƙarfin ɗaure kusoshin taya kuma 120 Nm ne, a sa sifanar awo, kar wani ya hau kai da ƙafa yana tsalle.