Shirin Doguwar Tafiya a Jirgin Ruwa a Tekun Karebiyan

Fara da zaɓen lokaci. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba kakar guguwa ce a Karebiyan (tekun da ke tsakanin Amurka ta Arewa da ta Kudu), jirgi kan sauya tasha ba shiri. Disamba zuwa Afrilu guguwa ba ta cika tasowa ba.

Ɗaki kuwa, nemi na tsakiyar jirgi a benen ƙasa, don gaba da saman jirgi ne suka fi tangal-tangal. Jiri da tashin zuciya na zuwa ne saboda kunne yana jin motsi alhali ido yana ganin bango a tsaye. Sha maganin jiri awa ɗaya kafin a tashi, ka riƙe citta a aljihu. In abin ya taso, fita waje ka zuba ido inda sama ta haɗu da ruwa.

Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin cin abinci, domin man goge hannu bai cika kashe ƙwayar norovirus mai sa amai da gudawa ba.

Alƙibla tana canjawa duk sanda jirgi ya karya kwana, sai ka sake dubawa kafin kowace salla. In an sauka gari, bi agogon jirgi ba na gari ba, ka dawo saura awa ɗaya a tashi, domin ba a jiran wanda ya makara.