Darasi na 7: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Kowa ya zo aji da ɓawon ƙwai da lemun tsami guda. A farfasa ɓawon a kofin gilashi, a matsa lemun a kai, a ɗan saurara. Can sai a ga 'yan ƙananan kumfa suna tasowa daga jikin ɓawon. Tsamin ne yake cin sa. In aka ƙara lemun aka bar shi ya kwana, da safe ɓawon ya yi laushi.

Akwai dutsen da sinadarinsa ɗaya ne da na ɓawon ƙwai, shi ne dutsen farar ƙasa, wanda ake yin siminti da shi. Akwai shi a Kalambaina kusa da Sakkwato, da Ashaka a jihar Gombe, da Mfamosing a jihar Kuros Riba. Ruwan sama yana saukowa da ɗan tsami, saboda ya haɗu da iskar kabon, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. In ya ratsa ƙasa mai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye, tsamin ya ƙaru. Harshe ba ya jin sa, amma dutsen yana ji. Yau da gobe, shekaru dubbai, ƙaramar tsaga ta zama rami, rami ya zama kogo, har rafi ya shige ƙasa a nan ya ɓullo a wani gari. Masana suna kiran irin wannan ƙasa karst, sunan wani yanki ne a kan iyakar Sulobeniya da Italiya. Kogon Mammoth na Amurka, hanyoyin cikinsa da aka auna sun haura kilomita 600, wato sun fi tafiyar Kano zuwa Abuja. Duk aikin ruwa ne.

To ina dutsen da ya narke ya tafi? Yana cikin ruwan. Shi ya sa ruwan irin waɗannan wurare yake cike da sinadarin kalsiyam. Mai wanki ta fi kowa saninsa: ta cuɗa sabulu ta cuɗa, kumfa ya ƙi tashi. Butar shayi kuma ta yi farin ɓawo a ciki. Wannan ɓawon ba guba ba ne, dutse ne ya koma dutse, kuma lemun tsami yana cire shi. Kada a haɗa shi da zartsi, shi zartsi gishiri ne.

Ranar da na fara koyar da wannan darasi, wani dattijo mai haƙar rijiya ya ɗaga hannu.

"Malam, shekara talatin ina haƙa daga Fagge har Kurna. Jar ƙasa nake samu, sai marmara, sai baƙin dutse mai karya diga. Wannan naka ban taɓa gani ba."

Na ce, "Gaskiyarka, Baba. Birnin Kano ba a kan dutsen farar ƙasa yake ba."

"To me ya haɗa mu da shi?"

Abin da ya haɗa mu shi ne tacewa. Ruwa in ya bi ta cikin yashi da ƙasa a hankali, yakan baro yawancin dattinsa a hanya. A ƙasar karst kuwa gudu yake yi ta cikin ramuka kamar a kwata, abin da aka zubar yau a gona yana iya isa rijiya cikin kwanaki kaɗan. A shekarar 2000, a garin Walkerton na Kanada, an yi ruwan sama mai yawa, ya kwashi ƙwayoyin cuta daga kashin shanun da aka zuba a gona, ya bi tsagogin dutse ya shiga rijiyar gari. Mutum 7 suka rasu, sama da 2,000 suka kamu da ciwo.

Mu a nan, ramukan da ruwa bai haƙa mana ba mun haƙa da hannunmu. Rijiyar da bakinta ya tsage, ba murfi, da masai a bayan katanga, da kududdufin da unguwa take zuba shara, duk hanyoyi ne da datti yake bi ya gangara ba tare da an tace shi ba. A tsohon gari, inda gida yake manne da gida, masan maƙwabci ma naka ne, in dai maganar rijiya ake. Ga kuma ruwan da yake fitowa daga masana'antun jima na Sharaɗa da Bompai da Chalawa, mai ɗauke da sinadarin kuromiyam, wanda ya daɗe yana gangarawa rafin Getsi da Jakara da kogin Chalawa.

Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta irin na kwalara da taifot. Amma akwai abin da wuta ba ta iya masa komai: kuromiyam, da sinadarin naitiret da yake fitowa daga masai da takin zamani. Naitiret ba shi da launi, ba shi da wari, ruwa garai-garai yana iya ɗauke da shi. Jarirai 'yan ƙasa da wata shida ya fi yi wa illa, musamman in da ruwan ake dama musu madarar gwangwani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita ɗaya, kuma awo ne kaɗai yake nuna shi.

Aikin gida. A rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: tsami, kogo, tsaga, tacewa. Sannan kowa ya ƙirga taku nawa ne daga rijiyar da yake sha zuwa masai mafi kusa, ko da na maƙwabta ne. Ana son a sami aƙalla mita 30, wajen taku 40 na babban mutum. Mai sayen ruwa a wajen 'yan garuwa ya tambayi daga ina aka ɗebo. A rubuto amsar a littafi a zo da ita darasi na gaba.